Injin da Kadijatu Ta Lulluɓe

"…Gajiya ta bi lahiya. Ƙaƙa Isa, ƙaƙa mutanen gida?"

"Lahiya lau suke, tsohuwa. Dut suna gaishe ki."

"Ƙarya kakai. Wa ya san ka Isa, balle shi ba ka saƙon gaisuwa? Sauko bisa babur ɗin ga kahin iska ta ɗauke ka."

"Ni iska za ta ɗauka? Ke da in za ki atishawa sai an riƙe ki?"

Gaskiyar magana, Kadijatu ta ji daɗin ganinsa har cikin ranta, amma ta gwammace ta haɗiye harshenta da ta nuna masa. Ba ƙaramar mace ba ce a Tozai. Shekara arba'in da ɗoriya tana ungozomanci, rabin masu gemun garin a tafin hannunta suka yi kukan farko, har da wannan da ke jingine babur a gindin darni, Hafizullahi, jikanta. Da ƙafa ta gaji da yawon gida-gida, ta bar wa na baya aikin, ta koma garkar da mijinta marigayi Malam Ibrahima ya bari a fadama. Bayan damina ta sayar da sa guda da tumaki huɗu ta sayi injin ban ruwa na lantarki, irin mai aiki da hasken rana. Hafizullahi, wanda gyaran irin waɗannan injina shi ne sana'arsa a kasuwar Isa, shi ya zo ya kafa mata. Ranar da ruwa ya fara zubowa ba hayaƙi ba hayaniya, ta juya ta dubi Wada, maƙwabcin garkarta mai tsohon injin fetur, ta ce a gaban kowa ita da galan sun rabu har abada.

To, yau kwana huɗu ke nan inji yana ba ta kunya. Da hantsi ya tashi lafiya lau, rana na ɗagawa sai ya yi tsit. Fangali arba'in na albasa gare ta, ruwa ba ya kai ko rabinsu. Na can ƙarshe bakin ganyensu ya fara ja, ƙasa ta tsattsage. Ita kuwa ta san albasa: in aka ƙara kwana biyu a haka, noman bana ya tafi. Jiya ma Wada ya leƙo ta kan darni da murmushin nan nasa mai ban haushi, ya ce in tana so ya ara mata nasa injin. Abin da ya sa ta aika a kira jikanta ke nan, ba wai don ta yi kewarsa ba, in ji ta.

Hafizullahi ya saɓa jakar kayan aiki ya ce, "Ina majinyacin?"

"Majinyaci gidanku. Lahiyatai lau, hutawa shikai. Aikin da kay yi mai na ba shi da kyau."

"Aikina? Injin da nik kahwa Kurawa shekara ukku shina aiki, ko tari bai taɓa yi ba."

"Mutanen Kurawa haƙuri gare su. Can anka haihe ni, na san su. Ko jaki ka kahwa musu ka ce inji na, godiya za su yi."

"Ashe ke kaɗai ta kinka hito babu haƙurin."

"Wuce mu tahi, ƙahwahu kamar sillen kara."

Suka bi ta kunyar fangali, ita gaba shi baya. Da suka zo bakin rijiya Hafizullahi ya tsaya cak. Inda ya bar inji fes a kan katako wata uku da suka wuce, yanzu wani ƙunshi ne kwance, an naɗe shi tsaf da luru, tsohon mayafin nan saƙar hannu mai ratsin fari da baƙi, an ɗaure shi wuri biyu da igiyar rama. Babu abin da ke leƙowa sai tiyo da waya.

"Tsohuwa, wa yar rasu anka kawo shi garka?"

"A'uzubillahi. Mugun baki tun kana jinjiri."

"Mi na wanga?"

"Idonka ya mutu? Luru na."

"Na ga luru na. Mi luru ka yi bisa inji?"

"Abin da luru ka yi bisa kowa. Ɗari shika ji."

"Ƙarhe na hwa. Ƙarhe ba shi jin ɗari."

"To mi yas sa shika karkarwa? Sati ukku ke nan nig ga shina rawar jiki, kaf-kaf-kaf, kamar mai masassara. Ni ko in na ga abu na karkarwa, ba ni tsayawa tambayar ɗan wa na."

Hafizullahi ya yi dariya har ya zauna dirshan a kan kunya, jaka ta faɗi gefe. Dariyar ta sosa wa Kadijatu rai, ba kaɗan ba, amma ta ɗaure fuska ta gyara mayafinta kamar ba da ita ake ba. Da ya gama ya share hawaye, ya miƙa hannu zai fizge lurun, ta doke hannun.

"A hankali. Ba tsumman shagonku na ba."

Ya kwance igiya, ya yaye luru. A ƙarƙashinsa sai ga wani zane kuma. Ya ɗago ya dube ta.

"Wanga hwa?"

"Jiya nit taɓa shi nij ji zazzaɓi ya hau, nik ƙara mai. Mai zazzaɓi ruhe shi akai shi yi zuhwa."

Ya ɗora hannu a jikin inji, ya janye da sauri yana yarfe yatsu.

"Kawo ƙwai in soya miki, amarya. Ba a buƙatar itace."

"Ka taɓa sayo min ƙwan? Miji sai suna."

"Zo ki gani. Kin ga nan baya? Hwanka ta ciki. Ita ka jawo iska ta huro ta bisa haƙarƙarin ga, shi sha sanyi. Ita ta hancinai. Ke ko kin toshe mai hanci da baki, kin ce shi yi ta gudu da rana tsaka." Ya sa yatsa a ragar murfin fanka ya zaƙulo curin zare da ƙaiƙayi, ya ɗaga mata. "Akwai wani ɗan abu cikinai, in zahi ya yi yawa shi ka kashe shi don kar wayar ciki ta ƙone. Shi na kika gani kullum in rana ta ɗaga. Ba don shi ba, da yanzu ni da ke muna karɓar gaisuwa."

Kadijatu ta dubi injin. Ta tuna san nan nata mai farin goshi, ta tuna tumaki huɗu, ta ga ashe da hannunta ta kusa soya su gaba ɗaya. Amma a baki ko gezau.

"Ai da ka san aikinka da ka gaya min shina da hanci."

"Na gaya miki. Kina can kina yi ma Wada gwalo."

Bai rufe baki ba ya ɗaga kai ya dubi farantan sola shida da ke jere a kan ƙafafun ƙarfe, sun fuskanci rana. Huɗu suna ƙyalli. Biyu kuwa an baje su da yankakkiyar kuɓewa, an shanya ta da tsari, ba wadda ta hau wata.

"Tsohuwa."

"Kuɓewa ta. Ko ita ma ba ka san ta ba?"

"Bisa sola?"

"Ina wurin da yah hi shi? Ba akuya, ba kaza, ba tsakuwa. Wuni guda ta bushe ƙayau. Matan unguwarmu har roƙo sukai in shanya musu, ni ka hanawa."

"Allah shi saka miki da kinka hana. Hasken rana shi na tuwon injin ga. Kin kwashe mai hwaranti biyu kin ba miya. Kuma jere suke a haɗe, in guda ya ja baya dut sai su bi shi. Kin toshe mai hanci, kin hana mai abinci, sannan kin aika Isa a ce aikina ba kyau. Haka kinka riƙe kakana?"

"Kakanka da ƙibatai yat tahi. Kai dai da matarka ka ciyarwa, dube ka."

"Yau za ni sake ki. Na gaji."

"Ka sake ni? Wane ɗaki ka aje ni? Kahin ka kai Isa an yi layi ƙohwar gida."

"Layin masu karɓar kuɓewa."

Ta kai masa duka da gefen mayafi, ya goce. Sannan ya naɗe hannun riga ya kama aiki, ita kuma ta kwashe kuɓewarta a faifai tana ƙunƙuni. Ya kwance murfin fanka ya kakkaɓe shi, ya bi haƙarƙarin inji da buroshi ɗaya bayan ɗaya har ƙarfe ya fito. Ya jiƙa tsumma mai laushi ya wanke farantai shida, yauƙin kuɓewa da kashin tsuntsu duk suka tafi. Ya ga inda tiyo ke tsiyaya an naɗe shi da tsumma, ya yanke wurin ya haɗa da kyau, yana cewa ruwan da ke zuba a nan wahalar banza ce inji ke sha.

"In inuwa kika so ki yi mai, a kahwa rumhwa mai tsawo, zana bisa, gehe huɗu a buɗe, iska na ratsawa. Hwarantan ga ko, kullum da sahe a share su da tsumma mai ruwa. Ragar hwanka a duba ta duk Juma'a. Kina ji na?"

"Ba ni ji. Da tsuntsaye kaka magana."

Alhali a ƙarƙashin mayafi tana lanƙwasa yatsu tana riƙe su ɗaya ɗaya: rumfa, tsumma, Juma'a. Tana kallon hannuwansa yadda suke tafiya a kan ƙarfe ba gargada, wani alfahari ya cika mata ƙirji, irin wanda ba a faɗa wa jika don kada kansa ya fashe.

Rana ta take tsaka. Fadama kuwa a 'yan shekarun nan ba a kai la'asar a cikinta saboda 'yan bindiga, kowa ya san wannan, shi ma yana da hanyar Isa a gabansa. Can sai ga hular Wada ta ɓullo ta kan darni, wai shi yana gyaran ƙaya. Hafizullahi ya taɓa inji ya ji ya huce, ya yi bismillah ya kunna.

Tiyo ya miƙe, ya yi tari sau biyu, ruwa ya ɓarke da ƙarfin da Kadijatu ta manta yana da shi. Ya cika fangalin farko, ya tsallaka na biyu.

"To," in ji Hafizullahi, ya ɗaga murya yadda na bayan darni zai ji. "Hafizullahi na Isa. Inji in ya gan ni warkewa shikai don kunya. Tsohuwa, ki ce na gode, maigida. Sau ukku, da durƙuso."

Yana ta zuba kayan aiki a jaka yana fito. Kadijatu kuwa ta matso kusa. Ba ruwan take kallo ba, injin take kallo, ta karkata kai gefe guda.

"Bai warke ba."

"Ga ruwa har shina neman cinye ki."

"Na sha ganin jinjiri na tsotso alhali ba lahiya garai ba. Karkarwar tana nan."

"Kowane inji na motsi in shina aiki."

"Ba irin wagga ba. Ran da kak kahwa shi, numhwashi shikai sumul kamar mai barci. Yanzu ɗingishi shikai. Ka cire mai luru, ba ka cire abin da yas sa nir ruhe shi ba."

"Yau ga ungozomar ƙarhe."

Ba ta kula shi ba. Ta durƙusa, gwiwa ta yi ƙara, ta ɗora tafin hannu a bayan inji. Ta lumshe ido. Ta bi shi a hankali, gaba, baya, gefe, yadda ta bi cikkunan matan Tozai shekara arba'in tana neman inda kan ɗa yake. Hannun ya sauka ƙasa, ya tsaya a kan katako.

"Nan. Ƙahwar baya ta hagu."

Hafizullahi ya yi murmushi, ya zaro sifana daga jaka yana kaɗa ta, shi a nufinsa ya kunyata ta a gaban Wada. Ya kashe inji, ya tsuguna, ya ɗora sifana a kan notin da ya riƙe ƙafar nan da katako. Bai ma ja ba, noti ya juya da kansa. Ya ajiye sifana ya sa yatsa biyu, noti ya ci gaba da juyawa.

Kadijatu ta ga murmushin ya bushe a fuskarsa, nan take ta tuna ranar da aka kafa injin. La'asar ta gabato, yana sauri ya kama hanya. Ta gan shi da idonta ya ɗaure ƙafa uku da sifana, ta huɗu ya murɗa da hannu, ya ce zai dawo ranar Juma'a ya ƙarasa. A lokacin ba ta san abin yana da muhimmanci ba.

"Wace Juma'a ta kac ce za ka dawo, maigida? Don an yi sha biyu ina ƙidaya."

Ya sassauta sauran ukun, ya gyara wa inji zama har ya daidaita da famfo, ya ɗaure su huɗu tamau, yana bin su gicciye. Ya juya sandar inji da hannu yana sauraron boris, ƙwallayen da take juyawa a kansu, ya ɗura musu giris. Zufa na ɗiga daga haɓarsa. Sai da ya gama ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Da an ƙara wata guda hakan ga, boris ya tahi. In ya tahi, shi ja na cikin dut. Kuma rabin ƙarhin da shika samu, rawar ga ka cinye shi."

Ya kunna. Wannan karon inji bai ce kaf ba. Wani siririn gurnani kawai yake yi, sai ka matso za ka ji. Kadijatu ta ɗora hannu, ta ɗauke. Suka tsaya suna kallon ruwa yana bin hanyarsa, fangali bayan fangali, Hafizullahi yana buɗe wannan ita tana toshe wancan da fartanya. Rana ta karkata inji bai yi tsit ba. Da ruwa ya shiga fangalin ƙarshe, busasshiyar ƙasar nan ta shanye shi tana 'yar ƙara, Kadijatu ta ji kamar maƙogwaronta ne aka jiƙa. Ta miƙe ta dafa ƙugu ta fuskanci darni.

"Wada, ko in ara maka ruwa? Na ji hwetur ya ƙara tsada."

Hula ta nutse, ba a sake ganinta ba.

Hafizullahi ya wanke hannu a bakin tiyo, ya sosa ƙeya.

"Na bi, tsohuwa. Ke kinka gano shi."

"Mi kac ce? Kunnen ga ya tsuhwa."

"Kunnen da yaj ji noti ƙarƙashin inji? Nic ce na bi."

"Da durƙuso anka ce, in ban manta ba."

Ya kai gwiwa ɗaya ƙasa cikin laka yana dariya. "Amma maganinki kisa na, wanga ko gaban alƙali sai na hwaɗi."

"Ciwo ni nig gane shi. Magani na bar maka, tunda shi kaɗai ka iya."

Ta ɗauko lurun daga inda ta rataye shi, ta kakkaɓe, ta shiga ninkewa a hankali, gefe na bin gefe.

"Wanga tsohon luru," in ji shi, "ki ba ni in riƙa shimhiɗa ma babur."

Ta gama ninki ta rungume shi a ƙirji.

"Wata bakwai anka haihe ka, tsakiyar ɗari. Ba ka hi sifanar ga tsawo da wani abin kirki ba. Karkarwa kakai irin ta injin ga, ko kuka ba ka iyawa. Matan da ad ɗakin kowa ta kau da kai, sun ce ba ka kai sahe. Kakanka na waje, yat tuɓe lurun ga daga jikinai yam miƙo min ta bakin ƙohwa, shi yak kwana da 'yar shara. Kwana arba'in kana cikinai, bisa ƙirjina. To ni in na ga abin da nika ji da shi shina karkarwa, ban san wani magani ba sai wanga."

Hafizullahi ya dubi lurun. Ya sunkuyar da kai yana goge sifanar da ya riga ya goge.

Ta wuce gaba zuwa gindin darni, ta ɗora lurun a bayan babur, ta miƙa masa igiyar ramar nan.

"Na ga tahiyar matarka Rukayya ran sunan gidan liman, ta kusa haihuwa. Kai mata. Wanda ka zuwa ba shi da hwanka baya."

Dariya ta ƙwace masa, ido jiƙe. Ya karɓi igiya ya naɗa, ya ƙulla, ya ja.

"Ƙara ja," in ji Kadijatu, ta juya ta nufi albasarta. "Ba irin ɗaurin notinka ba."